Gidanmu na Bayan Filin Ƙwallo

Maƙwabcina yana ƙara ɗaki a gidansa. Shekaranjiya da safe leburorinsa suka kwaɓa siminti a bakin ƙofa. Ina shanya a tsakar gida warin nan mai sanyi-sanyi ya shigo mini hanci, sai na tsinci kaina tsaye da jiƙaƙƙen zane a hannu, na manta abin da nake yi. Warin hannun mahaifina ke nan in ya dawo daga aiki. Ko ya wanke da sabulu, yana nan maƙale a tsagar tafinsa. Tun ranar nake ta tunanin tsohon gidanmu, shi ya sa na ce bari in zauna in ba ka labarinsa, mai karatu, tun bai fara dushewa a kaina ba.

A nan Tamanrasset aka haife ni, a wata 'yar unguwa da ke jingine da katangar filin ƙwallon gari. Kakana ne ya kafa gidan. Daga ƙasar Damagaram ya taso a shekarun fari, bayan dabbobinsa sun ƙare, ya hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, da shi da kakata da mahaifina yana ɗan yaro. Da suka iso ba su san kowa ba. A gindin katangar filin suka yada zango, don ita ce ta tare musu iska. Can mai gadin ƙofar filin ya same su, wani Buzu dogo, mutumin Idlès, wanda ya iya Hausa tun zamanin da yake bin ayari zuwa Agadas. Ya dube su, ya dubi yaron da ke rawar ɗari, ya nuna wani fili kusa da gidansa ya ce da kakana ya yi ɗaki a nan. Ba takarda, ba shaida sai Allah. Kakana ya buga tubali da hannunsa ya tada ɗaki guda, daga baya ya ƙara na biyu, har aka wayi gari gida ya zama gida.

Ko da na yi wayo su biyun sun tsufa. Kakana ya bar wa wani ɗan'uwa rumfarsa ta goro da huluna a Kasuwar Assihar, ya dawo zaman gida. Kowace la'asar za ka same su a kan tabarma a ƙofar gidanmu, shi da Baba mai gadi, kamar yadda muke kiransa, da 'yar butar shayi a kan garwashi. Baba mai gadi bai taɓa sauke amawali daga bakinsa a gabanmu ba, ta ƙarƙashinsa yake kai kofin shayi. Hirarsu ba ta da yawa. Wani lokaci Hausa, wani lokaci Tamahaq, yaren Buzaye, da kakana ya tsinta a gurguje, wani lokaci kuma shiru kawai har a kira magariba.

Filin kansa a wancan lokacin ba wani abin a zo a gani ba ne. Ƙasa ce ja mai tsakuwa, da katanga wadda babban mutum zai iya leƙawa in ya yi ɗage, da wurin zama na siminti a gefe guda da ya fara tsagewa. Ranar wasa Baba mai gadi zai fito da sassafe da bokitin farar ƙasa ya ja layuka, sannan ya kori awakin unguwa da suka shiga ta ramin katanga. Mu yara ba ma bin ƙofa. Rufin gidanmu ya fi kowace kujera, nan muke hawa maza da mata, kakata tana ta faɗa daga ƙasa wai za mu ruguza mata soro a ka. Ita kuma ranar ce ranar kasuwarta, don tana soya ƙosai da waina a bakin hanya, Larabawa da Buzaye da mutanenmu kowa na saye. In ƙwallo ta tsallako katanga ta faɗo tsakar gidanmu, kakata takan zauna a kanta, ba ta bayarwa sai wanda aka aiko ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata. Akwai ranar da ta faɗa cikin tukunyar miyar kuka. An daɗe ana ba da wannan labari a unguwa.

Da sanyi, garin nan na kan tudu ba ya wasa. Ruwan randa yakan yi kamar ƙanƙara da asuba, mu tafi lekkol, wato makaranta, hannu a hammata. Da zafi kuma, wajen tsakiyar damina ta can kudu, gajimare yakan taru a kan duwatsu, a yi ruwa a inda ba mu gani ba, sai kawai kori, busasshen rafin nan da ya ratsa gari, ya cika da jan ruwa yana ruri. In ya kawo, wanda ke wancan ƙetare sai ya jira. Ruwan sha kuwa mota ke kawo mana. Da mun ji ƙahonta, mu 'yan mata sai gudu da bidoji, jarkokinmu na ɗiban ruwa, a yi layi, a yi faɗa, a shirya. Ba a zubar da ko ɗigo a gidanmu. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi awaki ke sha, na wanki kuma a yayyafa a tsakar gida.

Ina ajin ƙarshe na firamare maganar gyara ta fara yawo. Aka ce za a rushe tsohon filin a yi sabo, da benen 'yan kallo, da fitilu, da hanyar gudron, wato kwalta, mai faɗi da za ta kewaye shi. Samarin unguwa suka yi ta murna. Ni ma na yi, don ban san hanyar ta kanmu za ta bi ba. Wata safiya wasu ma'aikata suka zo da igiyar awo da gwangwanin jan fenti. Sun yi sallama, sun gaida dattawa, ba su ɗaga wa kowa murya ba. Suka yi bayani da Larabci, mahaifina yana fassara wa kakana. Da suka tafi, akwai jan alama a bangon gidanmu, da na Baba mai gadi, da na duk gidajen da ke layinmu.

Baba mai gadi ɗan ƙasa ne, kuma filin gidansa da sunansa yake, don haka aka ba shi ɗaki a sababbin gidajen bene da ake ginawa a hanyar filin jirgi. Mu baƙi ne da muka yi gini a kan amana. Ba wanda ya kore mu da sanda, an ba mu lokaci mu nemi wuri, amma ba mu da abin da za mu nuna a buro, ofishin hukuma.

Ana cikin haka mahaifina ya dawo wata rana ya ce an ɗauke shi aiki a filin. Magini ne, kuma ya daɗe ba ya samun aiki mai ɗorewa, sai gyaran katanga nan, liƙin soro can. A gaban kowa ya faɗa, muna tsakar gida bayan sallar isha'i. Kakana ya ɗago daga jan carbinsa.

"Wane fili?"

"Wannan dai, Baba. Ko na karɓa ko ban karɓa ba, katafila za ta zo."

"Na sani," in ji kakana. "Amma ba sai da hannunka ba."

Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Ba a yi hayaniya ba, gidanmu ba a saba da ita ba. Sai dai tun da na buɗe ido a duniya, kwano ɗaya mahaifina da kakana suke ci. Washegari kakana ya ce da mahaifiyata ta zuba masa nasa daban. Ta dube shi, ta dubi ƙasa, ta je ta ɗauko wani kwano. Daga ranar kwano biyu ke fita daga madafa, ɗaya ya shiga ɗakin kakana, ɗaya ya tsaya a zaure. Mahaifina yakan durƙusa ya gaishe shi kowace safiya, kakana ya amsa, amma idonsa na kan carbi.

Aka rufe filin. Aka daina jin usur da ihun 'yan kallo, sai ƙarar injin kwaɓa siminti da bugun ƙarfe tun safe har yamma. Kakata ta koma sayar wa leburori ƙosai, ta ce ciki dai ciki ne, ko na ɗan ƙwallo ko na mai shebur. In na hau rufi ina hango mahaifina can cikin mutane, da hular kwano a kansa, yana ɗora bulo. Kakana bai ƙara zama a ƙofar gida ba, ya mai da tabarmarsa ciki, Baba mai gadi ya riƙa shigowa yana samunsa.

Sai kakana ya fara maganar komawa gida. Ya ce tun da ƙasar ta ƙi mu, mu tattara mu koma Damagaram, akwai gonar ubansa, akwai dangi. Ba wasa yake yi ba, har ya aika a tambayo masa direbobin da ke zuwa Agadas. In ya tafi kakata za ta bi shi, kuma mahaifiyata ta ce mahaifina ba zai iya barin tsofaffi su yi wannan tafiya su zauna can su kaɗai ba, ko ana fushi ko ba a yi. Wannan magana ta hana ni sukuni. Damagaram a wurina labari ce, kamar tatsuniyar da kakata ke yi mana. Ƙawayena suna nan, lekkol ɗina tana nan, malamarmu ta ce in na dage zan wuce gaba. Wata rana na kai wa kakana ruwan alwala, na ajiye buta, na ƙi tashi.

"Kaka, in ka ce gida, ina kake nufi?"

"Inda aka binne cibiyata."

"To ni tawa a ina aka binne?"

Shi da kansa ya taɓa nuna mini wurin, a bayan ɗakin mahaifiyata. Na ce masa ni ban san wani gida ba sai wannan garin, sai kuka ya ƙwace mini. Bai rarrashe ni ba, bai kuma yi mini faɗa ba. Ya ce in tashi in je in taya uwata aiki. Amma daga ranar ban ƙara jin ya tambayi direba ba.

Abin da ya warware ƙullin, daga bakin Baba mai gadi ya fito. Ranar Juma'a ce, mahaifina yana gida, an sauko daga masallaci. Baba mai gadi ya shigo ya zauna, ya sa a kira mahaifina, ya ce kakata da mahaifiyata ma su matso. Ya fara da cewa shi ba zai shiga gidan bene ba. Ya je ya gani, ya hau matakala har gwiwarsa ta yi ƙara, ya leƙa ta taga ya ga ba inda zai ɗaure akuya. Ya bar wa ɗansa, shi zai koma Idlès, wurin lambun da ƙaninsa ke kula da shi. Sannan ya juya ga kakana.

"Bahaushe, fushin da kake yi da yaron nan, ni ya kamata ka yi wa. Ni na kama hannunsa na kai shi wurin shugaban aikin."

Kakana ya ɗago ya zuba masa ido.

"Ni na ce ka yi ɗaki a nan, ga shi na kasa riƙe maka wurin. Na yi ta tunani, ban ga abin da zan iya ba sai wannan: ɗanka ya samu abin da zai tada wani gidan da shi. Na hana shi faɗa maka don na san halinka. Yanzu zan tafi, ba na so in bar kwano biyu a gidan nan."

Mahaifina kansa na sunkuye. Can kakana ya miƙa hannu ya ɗauki butar shayi, abin da bai taɓa yi ba don kullum abokinsa ke zubawa, ya cika kofi ya miƙa wa Baba mai gadi. Ya sake cika wani, ya riƙe shi jim kaɗan, sannan ya miƙa wa mahaifina.

Kwanaki kaɗan bayan haka, da hantsi, kakana ya fito da tsohuwar rigarsa ta aiki wadda ban taɓa gani a jikinsa ba. Ya tsaya a tsakar gida ya kira mahaifina.

"Kai ne magini. Ta ina ake fara warware gida?"

"Ta rufi, Baba."

"To hau. Ba zan bari ƙarfe ya ture abin da na gina ba. Da hannu aka ɗora shi, da hannu za a sauke."

Mun riga mun kwashe kaya zuwa wani fili a ƙetaren kori, can ƙarshen gari, wanda wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi ya ba mu aro. Mahaifina ya hau da diga, ya fara ɓamɓare ƙasar rufi, yana zaro azara ɗaya bayan ɗaya yana miƙo wa kakana. Tsoho yana karɓa, yana shafa kowace, yana faɗin inda ya samo ta. Kafin azahar samarin da suka saba zuwa karɓar ƙwallo a hannun kakata suka taru ba wanda ya kira su, suka yi ta jigilar azara da ƙyaure da tagogi a kafaɗa da baro. Ni da sauran yara muna tsince tubalan da ba su fashe ba. Da rana ta yi tsaka mahaifiyata ta kawo abinci. Kwano ɗaya ta kawo, ba tare da ta tambayi kowa ba. Kakana da mahaifina suka zauna a kan tarin ƙasar da jiya take ɗakin kakana, fuskokinsu fari fat, suka sa hannu tare. Kakata ta juya baya tana gyara ɗankwali, ta daɗe tana gyarawa.

Sabuwar unguwa ta ba mu wuya da farko, ba zan ɓoye maka ba. Ba inuwa, ba maƙwabta sai tsiraru, motar ruwa sai ta ga dama take isowa. In kori ya kawo, ni da lekkol sai hange. Mahaifina yakan tashi daga aikin filin ya zo ya kama namu har duhu ya hana shi, kakana yana miƙa masa tubali. Tsofaffin azarun nan su aka ɗora a ɗakin farko. A hankali gari ya biyo mu. Aka kafa turakun lantarki, aka yi gada a kan kori, aka shimfiɗa gudron har kusa da layinmu. Ranar da ruwan da aka jawo daga Insalah ya fara zuba a famfon tsakar gidanmu, kakata ta ja kujera ta zauna a gabansa. Ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa. Duk da haka har ta bar duniya ba ta yarda a zubar da ruwan wanki a banza ba.

Baba mai gadi ya tafi Idlès kamar yadda ya ce. Duk lokacin da aka samu mai zuwa, sai ya aiko da busasshen ɓaure ko rumman a ƙunshe cikin tsumma, kakana kuma ya mayar da goro. Ba su sake ganin juna ba. Aikin filin ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka zata, ya tsaya, ya ci gaba, kakana bai ga ƙarshensa ba. Cikin wani sanyi ya kwanta, bai daɗe ba ya cika, mahaifina na riƙe da hannunsa. Ko da saƙo ya isa Idlès, Baba mai gadi ya biyo wannan muguwar hanya ta duwatsu a bayan mota, an riga an binne. Ya zauna a zaurenmu tare da masu karɓar gaisuwa, ba a matsayin baƙo ba. Da zai koma ya sa aka kai shi maƙabarta, ya tsaya shi kaɗai, mu muna jiransa a bakin hanya.

Yau ni ma uwa ce, ina koyarwa a wata makarantar yara. Garin ya yi faɗin da in ka bar shi shekara biyu sai ka nemi mai nuna maka hanya. Mutane kan tambaye ni ko gyaran nan alheri ne ko hasara, ni kuwa ban iya amsa da kalma ɗaya ba. 'Ya'yana ba su san layin bido ba, ba su san a kwana a ƙetaren kori ana jiran ruwa ya janye ba, kuma ba na yi musu fatan su sani. Amma ba su san unguwar da kowa ya san sunan akuyar kowa ba, ba su san wani zai iya ce wa baƙo ga fili yi ɗaki, magana ta zauna shekara da shekaru ba tare da takarda ba.

A bazarar da ta wuce aka yi gasar guje-guje ta 'yan makaranta a filin, aka zaɓi babbar 'yata cikin masu gudu. Mahaifina, wanda yanzu sai da sanda, ya ce sai an je da shi. Tun da aka gama aikin bai taɓa shiga ba. Muka hau benen 'yan kallo a hankali, yana hutawa a kan matakalan da shi ya zuba wasu daga cikinsu. Daga sama ana ganin komai: ciyawar roba kore shar, fitilu dogaye, gari ya bazu har gindin duwatsu. Ni kuwa sai na juya baya, na leƙa ta saman katanga ina neman inda gidanmu yake. Motoci ne jere a wurin, da wani mai sayar da lemo. Na yi ta ƙoƙarin in gane inda zaure yake, inda madafa take, na kasa.

"Baba, wajen farar motar can ne, ko gaba kaɗan?"

Bai ko waiwaya ba. Idonsa na kan 'yan matan da suka jeru a bakin layi, jikarsa ta uku daga dama, tana gyara ɗankwali.

"Ke, juyo," ya ce. "Za su tashi."

Na juyo. Ba ita ta zo ta ɗaya ba, ba ma ta biyu ba. Amma tsohon nan ya miƙe tsaye ba sanda, yana kiran sunanta da ƙarfi cikin dubban mutanen da ba su san shi ba, har ta kai ƙarshen layi ta ɗago kai tana neman inda muryar ke fitowa.